Ƙaidojin Kwantirolar Ajiya Wajen Tsara Haɗaɗɗen Faifai: Nazari Kan Sabobin Ofisoshin Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ƙaidojin da kwantirolar ajiya ke gindaya wa mai son haɗa faifai da dama su zama faifai guda a cikin saba, sannan ta auna su da yanayin aiki a iyakar Jibiya ta Jihar Katsina. Hujjarta ita ce mafi yawan zaɓin da ake yi ranar haɗa faifan ba ya warwaruwa sai an rushe komai an sake, don haka abin da ya kamata ya ja ragamar tsarin a wuri irin Jibiya shi ne tsawon lokacin da saba za ta jure daga mutuwar faifai zuwa isowar madadinsa. Maƙalar ta kawo shaida daga bayanan masu ƙera kayan da binciken da aka yi kan mutuwar faifai, ta kuma amsa suka guda uku.

1.0 Gabatarwa

Jibiya ƙofa ce a kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Daga Magama ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa ta Jamhuriyar Nijar, kuma ta nan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa. Aikin kan iyaka a yau aikin bayanai ne. Hukumar Shige da Fice ta Najeriya tana amfani da tsarin MIDAS na hukumar IOM wajen ɗaukar hoto da zanen yatsu da bayanan fasfo, Hukumar Kwastan kuma ta fito da manhajar B'Odogwu a 2024 bayan shekarun da ta yi da NICIS, takwararta ta Nijar tana kan SYDONIA. Bayan su akwai kamfanonin fiton kaya da bankuna da masu kyamarar tsaro. Duk ofishin da ke son aikinsa ya ci gaba ko layin sadarwa ya yanke, dole ya ajiye saba a gida, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗebo bayanai daga gare ta.

Yankewar layi da tsayawar zirga-zirga kuwa ba labarin ƙanzon kurege ba ne a wannan yanki. An rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. A Satumban 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Jibiya na cikinsu. An sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Wannan tarihi yana nuna cewa sabar da ke Jibiya za ta iya shafe makonni ba mai duba ta daga nesa, ba kuma mai kawo mata kayan gyara cikin gaggawa. A kan wannan ma'auni maƙalar za ta karanta ƙaidojin kwantirola.

2.0 Yadda Ake Haɗa Faifai

Kwantirolar ajiya kati ce da ke tsakanin faya-fayan ajiya da sauran saba. Tana tattara faya-fayai na zahiri cikin rukuni, ta yanko wa manhajar saba wani abu da manhajar ke gani kamar faifai guda, wanda a nan za a kira haɗaɗɗen faifai. Dabarar ta samu sunan RAID a takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar a 1988. Tana da matakai dabam-dabam. A mataki na 0 ana rarraba bayanai ba tare da kariya ba, faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. A mataki na 1 faifai biyu ke ɗauke da abu iri ɗaya. Mataki na 5 yana buƙatar aƙalla faifai 3, yana sadaukar da girman faifai ɗaya ga lissafin cike giɓi, yana jure mutuwar faifai ɗaya. Mataki na 6 yana sadaukar da biyu, yana jure mutuwar kowane biyu. Mataki na 10 kuma tagwaye ne aka jera, aƙalla faifai 4, rabin wurin yana tafiya a kwafi.

3.0 Ƙaidojin da Ba Sa Warwaruwa

Ƙaidi na farko yana cikin katin kansa, kuma tun wajen saye ake yanke shi. Kwantirolar Dell PERC H330 ba ta da ma'ajin wucin gadi, ba ta kuma yin mataki na 6, alhali H730 tana da ma'aji na gigabayit 1 mai kariya, tana yin mataki na 6. Tsohuwar HP Smart Array P410, wadda ta cika cikin sabobin gwanjo, idan ba a sa mata ma'aji ba ba ta wuce mataki na 0 da 1 da 10, mataki na 6 kuwa sai da lasisi na dabam. Tsofaffin katuna irin PERC 6 ba sa ganin abin da ya haura terabayit 2 a faifai guda. Haka nan saba mai tashi da tsohon tsarin BIOS da teburin rabo na MBR ba ta amfana da abin da ya wuce kimanin terabayit 2 a faifan da take tashi daga kansa, sai an koma GPT da UEFI. Takardar sayen kaya da ta rubuta “saba mai RAID” kawai, ba ta faɗi lambar kati ba, ta bar wa ɗan kwangila zaɓin da ya fi kowane muhimmanci.

Ƙaidi na biyu ya shafi faya-fayan da za su zauna rukuni ɗaya. A katunan PERC ba a gauraya faifan SAS da na SATA a haɗaɗɗen faifai guda, ba a gauraya mai juyawa da SSD, ba a kuma gauraya mai gurbin bayit 512 da mai gurbin kilobayit 4 na asali. Idan girmansu ya bambanta, ƙaramin ne ma'auni, ragowar manyan ya tafi a banza. A rana ta farko wannan ba ya damun kowa, domin faya-fayan kwali ɗaya suka fito. Sai bayan shekara uku, faifai ya mutu, an aika Kano ko Ikeja a nemo madadi, an kawo wanda tambarinsa ya ce terabayit 4 kamar sauran, amma na SATA ne a rukunin SAS, ko gurbinsa ya bambanta, ko ya gaza da 'yan megabayit. Ma'aikaci ya zura shi, fitilar gabansa ta kama, kwantirola ta nuna shi a jerinta a matsayin lafiyayye, amma ta ƙi fara sake gini, wato cike sabon faifan da bayanan wanda ya mutu. Saba ta ci gaba da tafiya da ƙafa ɗaya har a sake wata tafiyar. Akwai kuma faya-fayai masu rubutun SMR, waɗanda a 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu bayan an gano su cikin wasu samfuran WD Red ba tare da an bayyana ba, domin suna ja da baya ƙwarai a dogon rubutu irin na sake gini.

Ƙaidi na uku shi ne sauyi bayan an gama. Haɗaɗɗen faifai ana iya ƙara masa girma a wasu halaye, amma a katunan PERC da danginsu na MegaRAID ba a rage shi. Girman yankin da ake rarraba bayanai da shi, wanda ya kasance kilobayit 64 a katunan da suka gabata ya koma 256 a wasu sababbi, ba ya canzuwa sai an share an sake. Katunan suna yarda a yanko haɗaɗɗun faya-fayai har 16 daga rukuni ɗaya, amma da zarar an yanko fiye da ɗaya, ƙofar ƙara faifai ko sauya mataki ta rufe ga rukunin. Ga shi kuma duk abin da aka yanko daga rukuni guda ƙaddararsu ɗaya, idan rukunin ya faɗi tare za su faɗi, ko da manhaja tana nuna su da haruffa dabam-dabam. Mai tsarin da ya ɗauki faifai shida ya yi musu mataki na 5, ya yanko ɗaya don manhaja, ɗaya don rumbun bayanai, ɗaya don bidiyon kyamara, ya ɗauka ya raba haɗari, alhali ya tara shi wuri guda ya kuma kulle kansa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane, kuma kwantirola ba ta ba da wata rana.

4.0 Tazarar Haɗari

Duk waɗannan ƙaidoji suna haɗuwa a wuri ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin mutuwar faifai da kammala sake gini. Tazarar kashi biyu ce: lokacin jiran madadi, da lokacin da kwantirola za ta ɗauka tana cike shi. Kashi na biyu lissafinsa a fili yake. Faifai mai terabayit 8, idan ana rubuta masa megabayit 100 a daƙiƙa, zai ci daƙiƙa 80,000, wato kimanin awa 22, kuma idan ofis yana aiki a lokacin zai fi haka. Kashi na farko a cibiyar bayanai ta Legas awoyi ne, a Jibiya kuwa ya danganta da amincewar fitar da kuɗi, da samun irin faifan, da lafiyar hanya. A mataki na 5 duk tsawon wannan tazara babu kariya ko kaɗan.

Ana iya cewa da wuya faifai na biyu ya mutu a daidai wannan lokaci. Shaida ba ta goyi bayan wannan kwanciyar hankali ba. A 2007 Bianca Schroeder da Garth Gibson sun nazarci bayanan faya-fayai kimanin 100,000, suka ga yawan waɗanda ake sauyawa a shekara yakan kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, alhali takardun masu ƙerawa suna nuna ƙasa da kashi 1, suka kuma ga mutuwar takan zo a jere, ɗaya na bin ɗaya. Dalilin a bayyane yake: faya-fayan rukuni ɗaya sa'o'in juna ne, zafi ɗaya suka sha, girgiza ɗaya, ɗaukewar wuta ɗaya. Misali mafi tsanani shi ne gargaɗin da kamfanin HPE ya fitar a Nuwamban 2019, cewa wasu faya-fayan SSD nasa za su mutu da cikar awa 32,768 na aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, matuƙar ba a sabunta manhajar cikinsu ba. Waɗanda aka kunna rana ɗaya kusan lokaci ɗaya za su tafi, kuma babu matakin RAID da zai tare wannan.

Ko faifai na biyu bai mutu ba, sake gini a mataki na 5 yana buƙatar a karanta kowane gurbi na sauran faya-fayan ba tare da tuntuɓe ba. Masu ƙera faifan SATA na gama-gari sukan rubuta cewa kuskuren karatu marar gyaruwa bai wuce 1 cikin bit tiriliyan 100 ba, wato kusan sau ɗaya a terabayit 12.5, na manyan sabobi kuma ya fi haka inganci ninki goma. A rukunin faifai 4 masu terabayit 8, sake gini zai karanta terabayit 24. Idan aka ɗauki alƙaluman yadda suke, yiwuwar cin karo da kuskure ta haura kashi 80 cikin ɗari a faifan gama-gari, tana kusan kashi 17 a na manyan sabobi. Gaskiya ne alƙaluman iyakar sama ce, faya-fayai da yawa sun fi abin da aka rubuta musu. Amma gurbin da ya lalace ba ya sanarwa sai an zo karanta shi, kuma ranar sake gini ce ranar da ake karanta komai. A mataki na 6 lissafin cike giɓi na biyu yana gyara irin wannan kuskure, a mataki na 10 kuwa tagwayen wanda ya mutu kaɗai ake karantawa, terabayit 8 maimakon 24.

5.0 Wuta, Zafi da Batiri

Kwantirola mai ma'ajin wucin gadi tana iya shaida wa manhaja cewa an rubuta abu alhali yana cikin ma'ajin bai kai faifai ba. Wannan rubutun jinkiri shi ke ɓoye nauyin mataki na 5 da na 6, inda ƙaramin rubutu ɗaya ke jawo aiki 4 a na farko, 6 a na biyu, yayin da mataki na 10 ke jawo 2. Amincin dabarar ya rataya ga batiri ko ma'adanin caji da ke kan katin, wanda zai tsare abin da ke ma'aji idan wuta ta ɗauke. Da batirin ya raunana, kwantirola kan koma rubutun kai tsaye da kanta, saba ta yi nauyi, layin matafiya ya tsaya. A nan ne ake samun wanda zai shiga saiti ya tilasta rubutun jinkiri ko babu batiri, saurin ya dawo, kowa ya yaba masa. Ranar da aka ɗauke wuta kafin janareta ya kama, rumbun bayanai ya lalace ba tare da faifai ko ɗaya ya mutu ba.

Zafi yana gajarta ran batirin lithium. Ƙungiyar ASHRAE ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, sabobin gama-gari kuma an ƙera su su yi aiki har 35, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura 40 a inuwa. Da hunturu kuma ƙurar da ke toshe kafofin iska tana yin aikin da rana ke yi da bazara. Wani zai kawo binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, wanda bai ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin matsakaicin zafi da mutuwar faifai ba. Amma a cibiyoyi masu sanyaya aka yi binciken, kuma kan faifai ya yi magana, bai taɓa batirin kwantirola ba. Abin da wannan ke nufi ga mai tsari shi ne ya tambayi kansa yadda saba za ta yi aiki a watannin da batirin ya mutu ba a samu madadi ba. Rumbun bayanai mai yawan ƙananan rubutu a kan mataki na 10 zai jure, a kan mataki na 5 na faifai mai juyawa zai yi rarrafe.

6.0 Suka da Amsa

Suka ta farko ta kuɗi ce: faifai 4 masu terabayit 8 suna ba da 24 a mataki na 5, amma 16 kawai a mataki na 6 ko na 10, kuma da dala ake sayen faifai. Amsar ita ce bayanan kan iyaka ba su kai girman da ake zato ba. A ƙaddara kowane matafiyi ya ci megabayit 2 na hoto da zanen yatsu, a ƙaddara mutum 1,000 a rana, abin da za a tara a shekara bai wuce gigabayit 730 ba. Bidiyon kyamara ne mai cin wuri, shi kuwa ana iya ware masa rukuninsa ko na'urarsa. Ga rumbun bayanai, ƙananan faya-fayai sun fi dacewa, domin sun fi araha kuma sake gininsu awoyi kaɗan ne. Kuɗin da za a kashe a wurin da ba za a cika ba gara a sayi faifan ko-ta-kwana da shi, wanda ke zaune cikin saba yana jira, ya shiga aiki da kansa da zarar wani ya mutu. Shi kaɗai ne ke mayar da lokacin jiran madadi sifili, da sharaɗin ya zama jinsinsu ɗaya kuma bai gaza su girma ba.

Suka ta biyu ita ce tunda ana aika bayanai hedikwata a Abuja, sabar kan iyaka ba ta cancanci wannan wahala ba. Akwai gaskiya a ciki, domin RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya: abin da aka goge bisa kuskure, ko manhajar masu neman fansa ta kulle, ko gobara ta ci, ya tafi a dukkan faya-fayan lokaci guda. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su daga ɓata da lalacewa. Sai dai kwafin nesa yana da amfani ne gwargwadon lafiyar layi, kuma abin da ya faru a 2021 ya nuna layin na iya ɗaukewa na watanni. Duk abin da aka shigar tun daga aikawa ta ƙarshe yana wuri ɗaya tak a duniya, kuma dawo da saba daga nesa ta siririn layi aikin kwanaki ne. Kwafin nesa da kariyar gida kowanne da ɓarnar da yake tarewa.

Suka ta uku ta masana ce: a bar kwantirola, a miƙa faya-fayan kai tsaye ga manhaja irin ZFS, wadda ke tantance sahihancin kowane yanki kuma ba ta ɗaure mutum ga katin kamfani ɗaya. Hujja ce mai ƙarfi, musamman idan aka tuna cewa idan kati ya mutu sai an nemo ɗan gidansu kafin a karanta tsarin da ke kan faya-fayan cikin sauƙi. Amma ZFS tana son kati mai miƙa faifai tsirara, tana son ma'aikacin da ya iya rubuta umarni, kuma manhajojin hukuma sukan zo da irin sabar da aka amince musu. Kwantirola tana da fa'ida guda da ba a raina ta a wurin da injiniya ke nesa: fitila ta yi ruwan ɗorawa, a zare wannan a zura wancan, aikin da kowane jami'i zai iya idan an nuna masa. Inda akwai ƙwararre zaune, ZFS zaɓi ne mai kyau. Inda babu, sauƙin gyara ya rinjayi kyawun fasaha.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, tsarin da ya dace da saba mai gurbin faifai 8 a ofishin kan iyaka shi ne faifai 2 a mataki na 1 don manhaja, faifai 4 a mataki na 10 idan rumbun bayanai ne mai yawan rubutu, ko a mataki na 6 idan ajiyar takardu da hotuna ce, sai faifan ko-ta-kwana a ciki, da wani irinsa a kabad wanda aka saya tare da sabar. Kowane rukuni ya ɗauki haɗaɗɗen faifai guda, a kunna sintirin karatu da binciken daidaito na kwantirola don a gano ruɓaɓɓen gurbi tun kariya na nan, a hana tilasta rubutun jinkiri, a sa batirin kati cikin kayan da ake sauyawa bisa jadawali. A rubuta matakin RAID da jerin gurabe da lambar samfurin kowane faifai a takarda a manna jikin sabar, domin jami'ai ana yi musu canjin wurin aiki. Mafi yawan waɗannan matakai a takardar sayen kaya ake yanke su, kafin saba ta bar Legas ko Abuja. Saboda haka hukumomin da ke shirin faɗaɗa aiki a Jibiya gabanin isowar jirgin ƙasa ya kamata su sa lambar kati, da jinsin faifai, da adadin madadi cikin sharuɗɗan kwangila, kuma kada a sa hannu a takardar karɓar kaya sai an zare faifai ɗaya a gaban shaidu an ga sabar ta sake gina kanta.